Kafin damira ta iso, a zaɓa wa yaranmu mashigar bahar guda ɗaya

Duk wanda ya taɓa yini a Mantiƙa Sinaiya cikin watan Mayu ya san abin da za mu faɗa. Rana na dukan kwano, kwano na dukan mutum, zafi ya haura maki 40 tun kafin azahar, ga baƙin mai, ga tartsatsin walda, ga ƙurar da ba ta kwanciya. Yaron da ya yini a ƙarƙashin mota yana miƙa wa usta sifana, idan la'asar ta yi aka rufe warsha, ba gida ne a ransa ba. A gida famfo ya bushe, wuta kuwa sai ta ga dama. Bahar ne a ransa. Sai su haɗu su biyar ko shida, su tari raksha ko su taka da ƙafa, su nufi bakin ruwan da ya fi kusa. Wannan "mafi kusa" ɗin shi ne ya sa muka yi wannan rubutu, domin ba wanda ya zaɓa musu wurin. Kusanci ne kawai ya zaɓa.

Mun san amsar da iyaye da yawa za su bayar: ai mun hana. To, an hana ɗin, tun zamanin da dattawanmu ke zaune a Ishash ake hanawa. An yi bulala, an shinshina gashin kai, an karci fatar hannu da farce don a ga ko za ta yi fari. Yaran ba su daina zuwa ba. Abin da hanin ya koya musu shi ne su tafi a ɓoye, su guji inda manya ke taruwa, su nemi lungun da ba idon kowa, su kuma yi shiru idan wani abu ya faru don tsoron duka. Yau kuwa, bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya lalata tashoshin ruwa da na lantarki, uban da ke hana ɗansa zuwa bahar sau da yawa shi ne kuma ke aikensa can da jarka. Ba za ka ce wa yaro ya ɗebo ruwa amma kada ruwan ya taɓa shi ba.

Saboda haka ra'ayin wannan shafi shi ne a bar gardamar "su je ko kada su je", a koma kan tambayar da ke da amfani: ina za su shiga, yaushe, kuma wa zai tsaya a gaɓa?

Abu na farko da ya kamata kowane uba da kowane usta ya riƙe shi ne, ruwan Khartum ba ɗaya ba ne. Baƙo yana ganin kogi, ɗan gari ya san koguna biyu ne masu hali daban, sai sun haɗu a Mugran, gaban tsibirin Tuti, suke zama na uku. Bahar Azrag daga duwatsun Habasha yake gangarowa, daga tafkin Tana. Gaɓarsa a wurare da yawa a tsaye take, zurfinsa na zuwa ba sallama, kuma daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da mutanen nan ke kira damira, yakan cika ya yi ja da laka ya taho da ƙarfin da har yakan tare Bahar Abyad ya sa shi tsayawa. Wanda ya manta da ƙarfinsa ya tuna Satumban 2020, lokacin da ma'aunin Khartum ya haura mita 17 da rabi, ya wuce na 1946 da na 1988, har gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Bahar Abyad shi kuma mai sanyin hali ne a ido: faɗi, tafiya a hankali, gaɓa mai saukowa sannu-sannu. Shi ya sa yara ke raina shi. Amma ƙasansa taɓo ne mai riƙe ƙafa, kuma ruwan da ke kwance shi ne gidan wani bala'in da za mu zo kansa.

Yashin Tuti da na Burri, inda iyalai suka saba zuwa shan iska kafin yaƙi, su ne misalin da ya fi ruɗin mutane. Idan ruwa ya ja baya sai rairayi mai kyau ya fito, yaro ya taka ruwa iya gwiwa, ya ƙara taku biyar iya ƙugu, ya ɗauka haka zai ci gaba. Ba haka ba ne. Tarin yashin da kogi ke ajiyewa yana da baki, kuma bakin nan yankakke ne kamar gefen rijiya. Taku ɗaya ne tsakanin ruwa iya ƙirji da ruwan da ya fi tsayin mutum biyu, kuma a daidai nan ne jan ruwa yake. Ƙari a kan haka, yashin ba ya zama wuri ɗaya. Inda ka yi wanka lafiya bara, damira ta wuce ta kwashe shi ta kai wani wuri. Don haka maganar "ai na san wurin nan" ba ta wuce shekara ɗaya tana aiki.

Sai shaima, wato ruwan nan mai juyi da ke jan mutum ƙasa. Mun sha jin ana cewa mutanen ruwa ne suka kama wane. Ba za mu yi musu da kowa kan gaibu ba, amma shaima tana da wuraren da aka san ta da su, kuma dalilinta a fili yake: duk inda ruwa mai gudu ya ci karo da wani abu, ginshiƙin gada ne, dutse ne, hancin tsibiri ne ko mahaɗar ruwa biyu, sai ya karkata ya dawo baya yana kewaya kansa. Ke nan ƙarƙashin gada, wanda yara suka fi so saboda inuwa da wurin tsalle, shi ne wuri mafi muni. Gadar Shambat ma da aka karya a Nuwamban 2023, ƙarafa da kankaren da suka zube suna nan a ƙasa, ido ba ya ganinsu. Haka nan wuraren da masu bulo suka shekara suna haƙar laka, irin su Jiref da Gamayir: idan ruwa ya hau ya rufe ramukan, sama lumui, ƙasa rijiyoyi. Ga kuma haddam, zaftarewar gaɓa, wanda ke faɗowa da mutum yana tsaye a kan abin da ya ɗauka ƙasa ce mai ƙarfi.

Akwai wani sabon abu da ko dattawan da suka san bahar ba su gada ba. Da, kalandar ruwan Azrag a hannun damina take, kuma tsoho zai iya faɗa maka makon da zai fara hawa. Yanzu akwai ƙofofi a sama. Bayan Sinnar da Rusairis, ga babban dam ɗin Habasha mai ɗaukar kubik mita biliyan 74, wanda aka ƙaddamar a Satumban 2025. A Yulin 2020, lokacin cikon farko, ruwa ya ja baya kwatsam har wasu tashoshin ruwan sha na Khartum suka tsaya. A ƙarshen Satumban 2025 kuma, lokacin da mutane suka saba ganin ruwa na sauka, sai ga ma'aikatar ban ruwa tana gargaɗin ambaliya. Ba siyasar dam muke yi a nan ba, wannan maganar wata rana ce. Abin da ya shafe mu shi ne ruwa na iya hawa ko sauka ba tare da an ga hadari a sama ba, kuma tsibirin yashin da yara suka taka suka je da hantsi yana iya yankewa daga gaɓa kafin magariba.

Masu ɗan hali kuma, waɗanda ke ɗaukar iyali rihla ranar Juma'a ko bayan salla, wurare biyu suka fi nufa: Sabaloka a arewa da Jabal Awliya a kudu. Sabaloka wuri ne da Allah ya ƙawata, ba musu. Nilu gaba ɗayansa ne ke matsewa ya ratsa tsakanin duwatsu, shi ne gangare na shida da ake karantawa a makaranta. Amma a yi tunani: ruwan da ya baje a gaban Umdurman, idan aka tura shi cikin maƙogwaron dutse, ina zai sa ƙarfinsa? Sai a gudu da zurfi. Ga duwatsun ƙarƙashi masu santsi, ga juyi a bayan kowannensu. Wurin kallo ne da cin kifi da ɗaukar hoto, ba wurin koyon iyo ba, kuma saurayin da ya yi tsalle daga kan dutse don a ɗauke shi a waya bai san abin da ke ƙasa ba. Idan za a shiga kwalekwale a can, a ƙirga mutane, a ƙi shiga idan an cika. Sudan ba ta manta da ɗalibai 22 da suka nutse a jihar Nahr an-Nil a Agustan 2018 suna hanyar makaranta ba, kamar yadda Kano ba ta manta da 'yan Islamiyyar Bagwai na Nuwamban 2021 ba.

Jabal Awliya, kimanin kilomita 40 kudu da Khartum, dam ne tun 1937, kuma fuska biyu gare shi. Ƙasan ƙofofi ruwa na fitowa da tafasa, yana komawa baya yana riƙe duk abin da ya faɗa. Bayan dam ɗin kuma tafki ne shimfiɗaɗɗe, lumui, mai ciyawa a gefe, wanda uwa za ta kalla ta ce ai nan ba komai. A nan ne tsargiya take, abin da likitocin nan ke kira bilharsiya. Dodon-koɗin da ke zaune a ruwa mai kwanciya shi ke ɗauke da ita, ƙwayar ta fito ta huda fata ba tare da an sha ruwan ba, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. A wasu gidajenmu har yanzu ana ɗaukar wannan a matsayin alamar balaga. Ba balaga ba ce, ciwo ne, kuma idan ya daɗe yana lalata mafitsara da hanta. Maganinsa, Praziquantel, ƙwaya ce da ake bayarwa daidai nauyin jiki, ba ta da tsada idan aka kwatanta da abin da take karewa. Danginmu na Jazira da ke zaune kan magudanan noma sun fi kowa sanin wannan ciwo.

Yanzu mu dawo gida, bakin ruwan da ya fi kusa da warshoshi da unguwanninmu. Duk inda kwata ko kwazazzabo ya shiga bahar, kamar bakin Khor Abu Anja a Umdurman, abin da gari ya zubar ne ke fita ta nan: baƙin mai, ruwan batir, ragowar majema, bayan gida. Kafin yaƙi ma haka ne, balle yanzu da hanyoyin tace ƙazanta suka lalace. A ƙarshen Mayun 2025 ma'aikatar lafiya ta ce kwalara ta kashe sama da mutum 170 cikin mako ɗaya, akasarinsu a jihar Khartum, bayan da hare-hare kan lantarki suka tsayar da tashoshin ruwa mutane suka koma shan bahar kai tsaye. Mai wanka ba ya nufin sha, amma ba yaron da ke iyo bakinsa a rufe. Dokar a nan mai sauƙi ce: a shiga ta saman kwata, ba ta ƙasanta ba, kuma da tazara mai kyau.

Wani haɗarin kuma ba a cikin ruwan yake ba, a hanyar zuwa yake. Gaɓoɓin nan sun yi kusan shekara biyu suna fagen daga. A 2025 masu aikin cire nakiya sun sanar da gano nakiyoyi a yankin Mugran da dajin Sunut, wuraren da kowa ya sani na shaƙatawa ne. Yaron warsha kuwa idonsa ya saba da ƙarfe, ya san kilo nawa ne kuɗinsa. Idan ya ga wani ƙarfe mai tsatsa a cikin yashi hannunsa ne ke fara zuwa kafin tunaninsa. Wannan magana ta usta ce, shi ya kamata ya faɗa, domin shi ne ya koya masa tsintar ƙarfen tun farko.

To, idan duk waɗannan wurare an cire su, me ya rage? Ya rage da yawa, sai dai ba ɗan jarida ne zai nuna su daga kan tebur ba. Kuma a nan ne muke ganin al'ummarmu tana da abin da wasu ba su da shi. Tun daga jama'ar da suka biyo Mai Wurno bayan Burmi a 1903 suka zauna a gaɓar Azrag kusa da Sinnar, har zuwa masuntan da ke kwana a kan ruwan Jabal Awliya da masu kai kifi Maurada, Hausawa a Sudan an san su da su. Akwai mutanenmu da ke karanta fuskar ruwa kamar allo. Su kalli yadda yake murɗawa su ce maka nan akwai gurbi, can yashi ne, can kada ya taɓa fitowa. A ƙasar Hausa irin wannan ilimi har sarauta gare shi, Sarkin Ruwa, kuma a Argungu ko Yawuri ba a raina maganarsa. Mu a nan mun bar masuncinmu yana sayar mana da kifi kawai, ba mu taɓa tambayarsa inda ɗanmu zai yi wanka ba.

Abin da muke kira a yi ba ya bukatar jiran hukuma. Kowace hilla, ta hannun lajnarta da limaminta da malaman allo, ta samu masunta biyu ko uku su zagaya da gora su auna, su zaɓi mashiga ɗaya: ƙasa yashi mai tauri, saukowa sannu, nesa da gada da kwata da ramin bulo, hanyar zuwa kuma wadda mutane ke bi kullum, kuma a fili inda ake gani daga nesa. A ja igiya a ɗaura mata jarkoki marasa komai a daidai ruwa iya ƙirjin yaro ɗan shekara goma, kowa ya san bayan igiyar nan ba wasa. A sa lokaci, misali daga la'asar zuwa kafin faɗuwar rana, ban da dare. A sa babba ɗaya da ya iya ruwa ya tsaya a gaɓa da usur da doguwar gora da tiyub ɗin taya a ɗaure da igiya. Tiyub da igiya da jarka dai ba a rasa su a Mantiƙa Sinaiya. Jama'ar da suka iya tafiyar da takaya suna ciyar da unguwa guda cikin ruwan harsashi ba za su gaza tsara wa mutum ɗaya sa'a biyu a bakin ruwa ba. Idan an haɗa masa ɗan abin shayi daga warshoshin da yaran ke aiki, ba a yi asara ba.

Mai tsaron kuma ya san abin da yake nema. Nutsewa ba ta da ihu irin na fim. Yaron da ruwa ke ci ba ya iya kira, bakinsa na fitowa yana komawa, hannuwansa na dukan ruwa a gefe, kansa a ɗage, cikin ƙasa da minti ɗaya an daina ganinsa, abokansa na nan kusa suna dariya sun ɗauka wasa ne. Shi ya sa mai tsaro ba mai latsa waya ba ne. Sannan abin da ya fi cin rai a labaran nutsewa shi ne yadda mutum ɗaya ke zama uku: wa ya faɗa don ceton ƙane, aboki ya bi wa. Wanda ke nutsewa yana riƙe duk abin da ya samu da ƙarfin da ba a zata ba. A koya wa yara: ka yi kururuwa, ka miƙa sanda, ka jefa jarka, kada ka shiga. Wanda kuma ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa inda ya baro kayansa. Ya kwanta rigingine, ya bi ruwan yana karkatowa gaɓa a hankali, ko da zai fita can ƙasa ya dawo da ƙafa. Idan aka fito da mutum ba ya numfashi, ba a juya shi ƙafa sama ko a tattaka cikinsa wai don ruwa ya fita. Iska yake bukata: a kwantar da shi, a hura masa numfashi baki da baki, a danna tsakiyar ƙirji, ana yi ana neman asibiti. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi.

Za a ce wanda ya nutse ya yi shahada, kuma haka malamai suka karantar, muna roƙon Allah ya karɓi waɗanda suka riga mu. Amma wannan ta'aziyya ce ga mai rashi, ba izini ba ne ga mai sakaci, kuma malaman nan dai su ne ke ruwaito umarnin Sayyidina Umar na a koya wa yara iyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kaso mai yawa yara ne da matasa. Bangaladash, ƙasar talakawa Musulmi mai ruwa ta ko'ina, ta rage nata asarar da abubuwa biyu marasa tsada: tara ƙananan yara wuri ɗaya a hannun mata a sa'o'in da iyaye ke aiki, da koya wa manyansu iyo a cikin kududdufin da aka kewaye da gora. Ba tafkin otel suka jira ba. A nan ma akwai Kashshafa Bahriyya da jami'an Difa'il Madani da suka san aikin ceto. A gayyace su su duba wurin da aka zaɓa, su horar da masu tsaro. Wannan shi ne ƙaramin abin da muke nema daga hukumomin jiha, tare da alluna a wuraren da aka san suna cin mutane da sanarwa a kan lokaci duk ranar da za a saki ruwa daga sama.

Kada kuma a manta da mata. Duk maganar nan ana yinta kamar samari ne kaɗai ke zuwa bahar, alhali 'yan mata da iyayensu ne ke durƙushe a bakinsa da wanki da ɗiban ruwa, cikin tobe ko zani mai nauyi idan ya jiƙe, da goyo a baya ko ɗan yaye na rarrafe a gefe, kuma kusan ba wadda aka taɓa koya wa ko da yadda za ta yi yawo a saman ruwa. A ware musu gefensu a mashigar, da ranarsu, da mace mai koyarwa. Kunya ba ta hana a yi wannan cikin sutura.

Lokacin yin aikin shi ne yanzu da ruwa ke ƙasa, ana ganin gaɓa, gora na taɓa ƙasa. Da zarar Azrag ya fara canza launi a kwance igiyar, liman ya sanar ranar Juma'a cewa an rufe mashiga, ustoci su maimaita a warsha ranar Asabar. Idan ruwa ya koma a Nuwamba, kada a mayar da igiyar inda take don kawai turakun na nan. A sake kiran masuntan, su sake aunawa daga farko.